Tempera: asalin kalmar, da yadda ake haɗa fenti da gwaiduwar ƙwai

Wanda ya shiga gidan adana zane-zane a Fulorans ko Landan, ko ya buɗe hotunansu a intanet, zai yi ta cin karo da kalma ɗaya a ƙarƙashin tsofaffin zanen Italiya: tempera. Galibi ana fassara ta da "fentin ƙwai". Haka ake nufi da ita a yau, amma ko ɓurɓushin ƙwai babu a cikin asalinta. Ƙwai da Italiyanci uovo ne, da Latin kuma ovum.

Kalmar ta fito ne daga fi'ilin Latin temperare, wato a haɗa abubuwa kowanne da gwargwadonsa. Hausar da ta fi kusa da shi ita ce surki, irin wanda ake yi wa ruwan wanka: a zuba na sanyi a kan na zafi har hannu ya ce ya isa. Rumawa sun yi amfani da fi'ilin wajen surka abin sha da ruwa, da wajen daidaita taurin ƙarfe a maƙera, har da mutum ya danne fushinsa. 'Ya'yan kalmar suna nan a harsunan Turai. Mutanen Fotugal suna kiran kayan ɗanɗanon miya tempero, kalmar Ingilishi temperature, wato yanayin zafi da sanyi, ma daga nan take.

A bakin masu zanen Italiya na ƙarni na 14, tempera sunan abin da ake kwaɓa garin launi da shi ne don ya kama jikin allo ko bango, ko ma mene ne shi: ƙwai, gam ɗin fata, ƙaro, har da mai. Haka kalmar take a littafin sana'a na Cennino Cennini, Il Libro dell'Arte, wanda ya rubuta wajen shekarar 1400. (Bahaushe zai karanta sunan nan daidai ba tare da an koya masa ba, don harafin c ɗin irin namu ne.) Cennini ya yi shekara 12 a hannun Agnolo Gaddi, shi kuma Agnolo ɗan Taddeo Gaddi ne, almajirin Giotto, babban mai zanen Fulorans, saboda haka abin da ya rubuta gadon shago ne. Idan ya ce a "tempera" launi, yana nufin a haɗa shi da abin ɗaurinsa. Bisa wannan tsohuwar ma'ana, tawadar da almajiri ke dafawa da baƙin tukunya da ƙaro ita ma tempera ce.

Ma'anar ta ƙuntata ne bayan fentin mai ya ci kasuwa. Jan van Eyck da takwarorinsa na Filandas, a yankin Beljiyam na yau, sun nuna abin da mai zai iya tun shekarun 1430, kafin 1500 kuma yawancin manyan masu zanen Italiya sun koma kansa. Da aka sami sabon abu sai aka bukaci sunan da zai bambanta tsohon, "a tempera" ta zama kishiyar "a olio", wato da mai. Tun da gwaiduwa ce aka fi amfani da ita a kan allo, sunan ya maƙale mata. Ingilishi ya ari kalmar a ƙarni na 19, kuma a ƙarshen ƙarnin aka farfaɗo da sana'ar: Christiana Herringham ta fassara littafin Cennini a 1899, aka kafa ƙungiyar masu zane da tempera a Ingila a 1901. A majami'un Otodoks na Girka da Rasha kuwa ba a taɓa daina ta ba.

Abu biyu ke rikita mai saye da mai karatu. Fentin yara na cikin robobi da ake rubuta wa "tempera" ba shi da ƙwai ko ɗigo, launi ne da gam ko sitaci, ruwa na wanke shi ko bayan shekara goma. Sannan idan gidan tarihi ya rubuta "tempera" a ƙarƙashin wani tsohon abu, kamar hotunan fuska na Fayyum a Masar na zamanin Rumawa, abin da yake cewa shi ne ba mai ba ne, ba kakin zuma ba ne. Yana iya zama gam ɗin dabba.

Dalilin da gwaiduwa ke aiki

Kimanin rabin gwaiduwa ruwa ne, kusan kashi ɗaya cikin uku mai ne, sauran yawancinsa furotin. Ruwa da mai ba sa zama wuri ɗaya, amma akwai wani sinadari a gwaiduwa, lesitin, da ke riƙe su tare. Shi ya sa ake tsinka fentin da ruwa kawai. Idan aka shafa, ruwan kan tashi cikin daƙiƙoƙi, furotin ya daskare ya riƙe garin launin, man kuma ya ci gaba da taurara a hankali na tsawon watanni. Wannan bushewa mai hawa biyu ita ke bayyana kusan duk wata matsala da za a gamu da ita a gaba: fentin ya bushe a ido tun minti na farko, amma ruwa na iya ɗaga shi har tsawon makonni.

Idan ya gama taurara ba ya lanƙwasuwa. Don haka ba a yin sa a kan yadin da aka ɗaure a firam sai da dabara ta musamman, kan katako ake yi.

Allo da farar shimfiɗa

Italiyawa sun yi amfani da katakon fofula, mutanen arewacin Turai da na oak. Mai koyo ya nemi katakon MDF ko filawud mai kaurin milimita 9 zuwa 12, kafinta ya yanka masa santimita 20 da 25. A goge fuskarsa da samfefa don ya yi ɗan kaushi, a share ƙurar.

Shimfiɗar da ake yi masa sunanta gesso, ana furta ta "jesso", daga sunan dutsen jibsam. Alli ne da gam ɗin fata. Wanda ake sayarwa a roba da sunan jeso na akirilik ba ya shan ruwa yadda ake so, fentin ƙwai kan zame a kansa, daga baya ya ɓare. Gara a sha wahalar haɗa na gaske.

Gam ɗin da aka saba da shi na fatar zomo ne, yana zuwa gari-gari ko ƙwaya-ƙwaya. A auna giram 40 a zuba a ruwa mililita 500, a bar shi ya kwana ya kumbura. Idan ba a samu ba, jelatin na saniya da masu kek ke amfani da shi zai yi, sai dai ya fi ƙarfi, a rage shi zuwa giram 33. Da safe a sa kwanon a cikin wata tukunya mai ruwan zafi har ya narke. Kada ya tafasa, kada ma ya wuce digiri 60, zafin da yatsa ba zai iya daɗewa a ciki ba. Gam ɗin da ya tafasa ya rasa ƙarfinsa, kuma ba ya dawowa.

A gwada shi kafin a ci gaba. A zuba kaɗan a murfi a sa a firji, don a zafin watan Afrilu ba zai daskare da kansa ba. Idan ya daskare a danna shi da yatsa har ya tsage. In tsagar ta fito da ɗan kaushi a gefenta, ya yi. In ya yi tauri kamar roba ya tsage sumul, a ƙara ruwa. In ya dagargaje kamar kunun da ya kwana, a ƙara gam.

A shafa gam ɗin da ɗuminsa a gaba da baya da gefunan katakon, a bar shi ya kwana. Duk abin da aka yi wa gaba a yi wa baya, ko da rabinsa ne, in ba haka ba allon zai gantsare. Idan filawud ne, a jiƙa ƙyallen akoko da aka wanke a cikin gam a manna a fuskarsa, a bi da tafin hannu a fitar da iska. Ƙyallen ne zai hana tsagar katako fitowa ta cikin zanen nan gaba.

Sai jeson. A kan kofi 1 na gam mai ɗumi, a tankaɗa kofi 1 da rabi na garin alli ta rariya, kaɗan-kaɗan, a bar shi ya nitse da kansa. Kada a kaɗa shi kamar miyar kuka. Kaɗawa na cusa iska, iskar kuma ita ce ke zama ƙananan ramuka irin na tsinin allura waɗanda samfefa ba ta gogewa. Bayan minti 10 a juya a hankali da cokali, a tace da ƙyalle mai laushi. Kaurinsa ya zama kamar na nono mai kyau da aka dama.

Wanda bai sami garin alli ba yana da hanyar da Cennini ya bayyana, da filastar da masu silin ke kira fi-o-fi. A barbaɗa kilo 1 a bokitin ruwa lita 10, a yi ta juyawa na rabin awa don kada ta haɗe, sannan a riƙa juyawa kullum ana sauya ruwan sama har wata guda. Ta mutu ke nan, ba za ta ƙara taurara ba. A matse ta a ƙyalle, a shanya, a daka. Ta fi alli santsi.

A shafa hawa na farko da yatsu ko buroshi mai tauri, ana murza shi ya shiga. Da zarar ƙyallin jiƙa ya ɓace sai a ƙara na biyu da buroshi mai laushi, wannan a tsaye, na gaba a kwance, har hawa 6 zuwa 8, duk a yini ɗaya. A bar allon a kwance a inuwa na kwana 2 ko 3. Rana ko iskar hunturu kai tsaye na busar da sama kafin ƙasa, ya tsattsage. Daga nan a goge da samfefa mai lamba 220, a gama da 400, har ya yi santsin ɓawon ƙwai.

Garin launi

Launukan ƙasa su ne mafi sauƙin sha'ani, kuma su ne ƙashin bayan tsofaffin zanen. Jar ƙasa da rawayar ƙasa duk tsatsar ƙarfe ce ke ba su launi. A jiƙa ƙasar a bokiti, a dama, a jira minti 1 yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan launin a wani mazubi, a bar shi ya kwana. Abin da ya kwanta a ƙasa shi ne launin. Rawayar ƙasa idan aka gasa ta a wuta takan koma ja. Garin oksaid ja da rawaya da baƙi da masu kayan gini ke sayarwa don rina siminti shi ma yana yi, kuma ba ya kodewa. Baƙi ana samun sa daga gawayi da aka niƙa ko baƙin fitila. Fari a nemi na titaniyam, don alli a cikin gwaiduwa ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Farin da magabata suka yi amfani da shi na dalma ne, guba ne, a bar shi. Bula ta wanki launinta ultramarin ne, amma ana cakuɗa ta da wasu abubuwa, sai an wanke ta an gwada. Rinin tufafi na leda ba garin launi ba ne, narkewa yake a ruwa, yana malala cikin sauran hawa.

A sa takunkumi lokacin taɓa busasshen gari. A zuba cokali 1 a kan gilashi mai kauri, a ɗiga ruwa, a niƙa da gindin kwalba mai faɗi ana zagayawa har a daina jin ƙarar yashi. Ya zama kamar man goge baki. Baƙin fitila kan ƙi shan ruwa, ɗigon sifirit ɗaya zai karya taurin kansa. A adana kowane launi a ƙaramar kwalba da ɗan ruwa a samansa, zai yi watanni, tun da ba a sa masa ƙwai ba tukuna.

Fitar da gwaiduwa

A sami ɗanyen ƙwai sabo. A fasa, a raba farin, a riƙa mirgina gwaiduwar daga tafin hannu zuwa tafin hannu ana goge wanda ya sauke, har ta bushe ta daina santsi. A kama fatarta da yatsu biyu a ɗaga a kan kofi, a huda ƙasanta da tsinke, ruwan ya zuba, a yar da fatar. Fatar kan bar zare-zare a fenti, farin ƙwai kuma kan sa buroshi ya riƙa ja. Gwaiduwa ɗaya kimanin babban cokali 1 ce. A ƙara mata ruwa mai tsabta daidai yawanta, a girgiza. Ruwan rijiya mai kanwa-kanwa ko gishiri bai dace ba.

Cennini ya ce a yi fuskar matasa da gwaiduwar kazar birni don ta fi haske, ta tsofaffi da ta kazar ƙauye don ta fi ja. Duk wanda ya taɓa fasa ƙwan gidan gona kusa da na kazar Hausa ya san bambancin da yake nufi. A aikace rawayar ba ta daɗewa, hasken rana na cinye ta cikin 'yan makonni.

Haɗin na yini ɗaya ne, ko kwana 2 zuwa 3 a firji. Wasu na ɗiga ruwan khal don ya ƙara kwana, amma tsami na ɓata ultramarin, yana kuma cin alli. Ƙwai ya fi allon da aka yi wa kwana huɗu araha.

Surkin kansa

Nan ne sunan sana'ar ya fito, nan kuma ake cin nasara ko a faɗi. Ƙa'idar Cennini ita ce gwaiduwa daidai yawan launi. A ɗebi kwaɓaɓɓen launi kamar ƙwayar wake, a sa masa ruwan gwaiduwa kwatankwacinsa, a haɗa sosai. Wannan mafari ne kawai, don kowane launi da ƙishirwarsa. Mai laushin gari, kamar baƙin fitila, ya fi shan ƙwai. Mai ɗan tsakuwa-tsakuwa kaɗan ke isar sa.

Gwaji ne ke raba gardama. A ja layi a kan gilashi, a bar shi ya bushe, a kankare da reza. Idan ya taso yana naɗewa kamar ɓawon albasa, haɗin ya yi. Idan ya zube gari, ƙwai ya yi kaɗan. Idan ya yi maiƙo yana manne wa reza, ƙwai ya yi yawa. Gwaji na biyu a kan takarda: a murza busasshen layin da yatsa. Mai kyau ba ya ɓata yatsa, kuma yana ba da ɗan ƙyalli mai sanyi.

Da zarar an daidaita launi da ƙwai, ruwa ba ya ɓata lissafin. A tsinka shi yadda ake so, don ruwan tashi zai yi ya bar su biyun yadda aka auna su. Kuskuren masu koyo shi ne su ga fenti ya yi kauri su ƙara gwaiduwa. Ruwa ake ƙarawa.

Shafawa

A fara fitar da zanen a takarda, a kwafe shi a kan allo, a bi layukan da tawada mai ruwa-ruwa, har da wuraren inuwa. Jeso ba ya son gogewa, kada a yi gwaje-gwaje a kansa. Wanda ba ya zana masu rai bai rasa komai ba, don hanyar ta dace ƙwarai da zayyana da rubutun ado da ganyaye, saboda siririn layin da take bayarwa.

A tsoma buroshi mai laushi, a matse shi a ƙyalle har ya kusa bushewa bakinsa ya baje. A ja sau ɗaya a ɗaga. Kada a koma kan wurin sai ya bushe, abin da ba ya wuce minti 1. Komawa kan jiƙaƙƙen wuri na tone hawan ƙasa ya bar farin rami, kuma kowace komawa faɗaɗa shi take. In hakan ta faru a bar wurin ya bushe sarai, a cike shi da ƙananan ɗigo.

Ba a narkar da launi cikin launi a kan allo kamar yadda ake yi da mai, lokacin bai isa ba. Ana haɗa launi hawa uku a gefe, mai duhu da matsakaici da mai haske, sannan a haɗa iyakarsu da gajerun layuka sirara masu bin siffar abin, wasu a kan wasu. Wuri ɗaya na iya cin hawa 20 ko fiye. Masu zanen majami'un Otodoks suna da wata hanya ta cike fili: a kwantar da allo, a zuba fenti mai ruwa sosai a ja shi da bakin buroshi kamar ƙaramin tafki, a bar shi ya bushe ba tare da an taɓa ba.

Tun da kowane hawa siriri ne, na ƙasa na leƙowa. Italiyawa sun ci moriyar wannan: suna shimfiɗa koriyar ƙasa a ƙarƙashin fatar mutum, su bi da ja-ja da fari, koren ya sanyaya launin. Akwai zanen Michelangelo da bai ƙarasa ba a gidan zane na ƙasa da ke Landan, wanda ake kira Madonar Mancesta, inda mala'iku biyu suka tsaya a matakin koren nan. Korayen fuskokin da ake gani a wasu tsofaffin zanen birnin Siyena na Italiya ma hawan saman ne ya goge.

Abin da ke ɓaci

Fenti ya tsattsage ko ya ɓare: an shafa da kauri, ko ƙwai ya yi yawa, ko jeson ba ya sha. Tempera ba ta yin tudu. Idan jeson kansa ne ya tsage har ƙasa, gam ya yi ƙarfi. Idan yana bin hannu kamar alli, gam ya yi rauni.

Wani wuri ya yi fari-fat kamar ƙura, wani yana ƙyalli: surkin launukan bai zo ɗaya ba. A haɗa gwaiduwa 1 da ruwa 8, a shafa sau ɗaya da faffaɗan buroshi, da sauri, ba komawa.

Da hunturu fentin kan bushe a bakin buroshi kafin ya kai allo. A haɗa kaɗan-kaɗan a cikin abu mai zurfi kamar murfin kwalba, a rufe taga, a riƙa wanke buroshi da ruwa kowane 'yan mintuna, da sabulu idan an tashi. Ƙwai da ya bushe a gindin gashin buroshi ya kashe shi. Fentin da ya bushe a mazubi kuma ba a jiƙa shi a sake amfani da shi. Da damina matsalar fumfuna ce: kada a jingina allon da bango mai laima, kada a naɗe shi a leda. Kyankyaso da ƙuda da ɓera duk sun san ƙwai ne, kyankyaso kan lashe sabon fenti a dare ɗaya ya bar farin jeso. A kife masa akwati mai raga a watannin farko.

Bango wani sha'ani ne dabam. Leonardo da Vinci ya zana jibin ƙarshe na Almasihu da almajiransa a Milan tsakanin 1495 da 1498 da haɗin ƙwai da mai a kan busasshen bango, ya fara ɓarewa tun yana raye. A kan allo kuwa, babban aikin mai zane Duccio na majami'ar Siyena, wanda aka gama a 1311, launinsa na nan da haskensa.

Bayan an gama a ajiye zanen inda haske ke shiga amma rana ba ta dukansa. Bayan wata 2 ko 3 a goge shi a hankali da tsohon ƙyallen auduga mai laushi, zai ɗauki sheƙi marar ƙarfi. Idan wani farin hazo ya fito a kan launuka masu duhu, man gwaiduwar ne ya taso, ƙyallen nan zai ɗauke shi. Banis, wato man sheƙi da ake shafa wa zane a ƙarshe, ba dole ba ne, yana ma sauya launin ya ƙara masa duhu. Wanda ya nace sai ya sa, ya jira wata 6 zuwa shekara, ya fara gwadawa a kan wani guntun allo da aka shafa wa fenti iri ɗaya a rana ɗaya.